Taƙi Ɗaya Kawai Na Matsa

Mu dai a hillarmu, wato ƙauyenmu, ba a satar hanya. Kowa ka tambaya zai ce a kawo Alƙur'ani ya dafa, bai taɓa cin ko yatsa ɗaya na lungu ba. Amma lungun da tsofaffi ke cewa raƙumi na shiga da kayan auduga ya juya a tsakiyarsa, yau in karo, keken jaki, ya shigo sai an kwance jakin, yara su tura baya-baya. Tunda ba wanda ya ci, sai mu ce hanyar ce take ramewa da kanta.

Ga yadda take ramewa. Kaka ta yi, an yanke dawa, kara ya samu, maigida zai sabunta darni. Tsohon darnin gara ta cinye gindinsa, ramukan dirkoki sun rufta a damina. Wa zai wahalar da kansa haƙa rami a inda ya riga ya rufta? Sai a haƙa a gefensa. Gefen nan kuwa, ikon Allah, kullum ta waje yake faɗowa. Ban taɓa jin gidan da darninsa ya yi kuskure ya matsa ciki ba. Bana taƙi ɗaya, baɗi taƙi ɗaya, na gidan da ke fuskantarsa ma haka. Ranar da yaro ya tafi Jidda ko Riyad ya fara aiko da riyal, a tuge darni a tsayar da katangar jan bulo, kuma magini ba ya tambayar inda darnin farko ya tsaya, sawun na ƙarshe yake bi.

Wannan na masu gaggawa ne. Masu dabara ta hanyar lada suke bi. Da fari dakali ne a jikin katanga, don tsofaffi su sami wurin zama da la'asar. Wa zai hana tsoho zama? Sai rana ta dami tsofaffin, a kafa musu rakuba. Sai a kawo randuna biyu a girke a gefe, sabil ne, duk mai wucewa ya sha, Allah ya kai ladan kabarin Baba. Nan fa bakin kowa ya mutu, don ba mai son a ce shi ne ya hana sadakar ruwa. Randa kuma tana son inuwa, sai a dasa darbejiya. Darbejiya ƙarama awaki za su cinye, sai a kewaye ta da ƙaya. Kafin itacen ya isa a ɗaure masa jaki, rabin lungu ya shiga gidan Alhaji, kuma duk wanda ya wuce sai ya sha ruwa ya yi masa addu'a.

"Kawu, wannan dirkar kamar ta ɗan fito."

"Wace? Yaro, nan na gaje ta. Tun ba a haifi ubanka ba take nan."

"Ai bara ina wucewa da karo ba na gogar ta."

"To karon naka ne ya yi ƙiba. Ka je ka duba katangarku tukuna, ka dawo mu yi magana."

Ba kuwa zai je ya duba ba, don ya san abin da zai gani. Laifi tudu ne.

Abin da ke ba ni dariya shi ne, a duk faɗin Sudan ba mutanen da hanya ta yi wa rana kamar mu. 'Ya'yan hanya ne mu. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a ya yi gabas, ya sauka a Shehu Ɗalha a bakin Bahar, wato kogin Nil Azraƙ, wajen 1906, daga baya ya haye yamma ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a kudancin Sinnar. Wasu kakanninmu tare da shi suka zo, wasu sun riga shi, da yawa kuma a bayansa, ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, da ƙafa da jaki, ana noma damina a nan a ci gaba da rani. A kowane gari sai sun roƙi a ba su wurin wucewa, a kowace rijiya sai sun roƙi guga. Aka ba su. Wasu suka isa Sawakin suka haye, wasu guzuri ya ƙare suka tsaya aikin madatsar Sinnar, wadda aka gama a 1925, ko tsinkar auduga a Jazira, da niyyar in an tara kuɗin jirgi a wuce Makka. Jikokin waɗannan bayin Allah ne yau suke tsayawa da sanda a bakin lungu suna cewa ba mai bi ta nan.

Kuma daga nan rabin rigimarmu ta samo asali. Mutumin da ke ganin baɗi zai tashi ba ya awon fili. Shehun hilla ya nuna masa da sanda, daga waccan aduwar zuwa wancan tudun, ya kafa bukka ya kewaye da kara. Ɗan'uwansa ya iso bayan shekara biyu, ya ce masa kafa a nan bayana, ka riƙa fita ta gefen turken. Ba takarda, ba shaida sai Allah da waɗanda ke wurin. Baɗin nan ta yi shekara ɗari da ɗoriya ba ta zo ba. Aduwar an sare ta an yi turmi, tudun an kwashe an yi jalus, wato ginin laka, da shi, turken kuwa yanzu ɗakin amarya ne. Iyakokin hillarmu kaf suna cikin kan tsofaffi huɗu ko biyar, kuma kowannensu yana da jika a ɗaya ɓangaren rigimar.

Da rani duk wannan gunaguni ne kawai. Sai damina ta sauka ake sanin wa ke gaba da wa. Ƙasar Jazira shimfiɗe take, ba tudu ba gangare, ga ta baƙar laka mai riƙe ruwa. In aka kwana ana ruwa, ruwan ba shi da inda za shi sai inda aka tura shi. Mu kuwa gwanayen turawa ne. Kowa ya sa yara su kwaso ƙasa ya ɗaga ƙofar gidansa, na kusa ya ga haka ya ɗaga tasa ta fi, har lungun ya koma kwari, ruwan ya taru ya nufi gidan wanda ba shi da 'ya'ya maza. Akwai kuma aikin dare. Da tsakar dare ana tsawa, ka ji motsin fartanya a bayan katanga. Da safe ka tarar an buɗe 'yar magudana, ruwan gidan maƙwabci yana gudu zuwa gindin ɗakinka na jalus. Ka tambaya, a ce ruwa ne ya yi wa kansa hanya. Ruwan da ya iya riƙe fartanya sai a hillarmu.

Indararo ma haka. Mutum zai gina ɗaki ya bi iyaka daidai, ba a ce ya ci komai ba, sai ya zuro indararo kamu guda cikin lungu, ko kai tsaye cikin hoshin maƙwabci, wato tsakar gidansa. In aka yi magana ya ce shi ƙasa aka ce kada ya ci, ba a ce sama ba. Na san gidaje biyu da suka daina kai wa juna abincin buɗa-baki azumi guda cur saboda guntun bututun kwano, alhali kakarsu ɗaya.

Mata kuwa suna da tasu hanyar, kuma tasu ta fi tamu muhimmanci, ko da yake ba a kai ƙararta gaban umda, wato hakimi. Naffaj nake nufi, 'yar kafar nan da ake bari a jikin katanga tsakanin gida da gida, wadda muka tarar a wurin maƙwabtanmu Larabawa muka riƙe hannu biyu, don ta yi daidai da kullenmu. Ta nan ake miƙa garwashi, ta nan ake aron gishiri da kaskon kisra, ta nan ungozoma ke bi da dare, ta nan labari ke ratsa gida goma kafin maigida ya dawo daga masallaci. Mace na iya fita daga wannan bakin hilla ta ɓulla wancan ba ta taka titi ba. To ranar da ka ji an ce Gwaggo ta sa a liƙe naffaj da laka, kada ka tambayi ko an yi faɗa, tambayi kwana nawa ke nan. Maza na iya zagin juna a kan dirka da hantsi su haɗu a sahu ɗaya da azahar. Amma in kafar nan ta toshe, yara sun daina cin abinci a gidan juna, kuma ba a buɗe ta da hukunci. Sai an yi haihuwa ko rasuwa, wata tsohuwa ta zo ta ce, "Haba 'yar nan, ta titi za ki zagayo da ƙwaryar gumba?" Sai ka ga an kira yaro da taɓarya.

Babbar fitina dai gado ce. Maigida ya rasu ya bar hosh guda mai zaure ɗaya da 'ya'ya goma sha. A raba, kowa ya ja katanga. Na bakin titi ya sami ƙofa, na tsakiya ya sami rabin ƙofa, na can ƙurya ya sami alkawari. "Ai ɗan'uwanka ne, zai hana ka wucewa?" Shi ba zai hana ba. Matarsa ma wataƙila ba za ta hana ba. Amma ya sayar wa baƙo ya koma Madani ko Gadarif, baƙon ya ce shi gida ya saya, bai sayi alkawari ba. Ranar nan ne za ka ga mutumin da ya yi shekara sittin yana bin Malikiyya ya je wurin malam neman shuf'a, wato haƙƙin fifiko wajen sayen gidan, malam ya ce masa a mazhabarmu shuf'a ta abokin tarayya ce a abin da ba a raba ba, Hanafawa ne suka ba maƙwabci, sai ya gyara zama ya ce, "To Malam, ai su ma Ahlus Sunna ne."

Ba wai ba mu da ilimin abin ba ne. Kowane almajiri a nan ya san hadisin da ya ce in an yi saɓani a kan faɗin hanya a sa ta zira'i bakwai, wato wajen mita uku da rabi. Malamanmu sun san cewa lungun da ba ya ɓullewa na mutanen cikinsa ne, ba a huda sabuwar ƙofa a ciki sai da yardarsu, kuma filin da ke jikin katangarka kana da ikon amfani da shi matuƙar ba ka cuci mai wucewa ba, amma ba ka da ikon haɗe shi da gidanka. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan yadda fili ke zama na mutum da abin da ba ya zama na kowa. Duk mun gada. Matsalar ita ce zira'in wa za a auna da shi. Mai son hanya ta faɗaɗa ya kawo dogon Bafillace, mai son ta tsuke ya ce ga ɗansa nan ɗan shekara tara, shi ma ai Musulmi ne.

Don haka awon da ya fi aiki a wurinmu ba na zira'i ba ne, na makara ne. In gardama ta ƙi ƙarewa, wani dattijo zai ce, "Ku bar duk wannan. Ranar da aka ɗauko na ƙurya a kan angareb, mutum huɗu na riƙe da shi, za su fita ko sai an miƙa shi ta kan katanga?" Nan kowa ke yin shiru, don mai katangar ya san shi ma ta wani lungun za a fitar da shi. Da yawan lungunan hillarmu faɗin angareb ne da kafaɗa biyu, ba ƙari.

A gona kuma labarin daban ne, don can ba sandar shehu ta yi rabo ba, injiniyan Ingilishi ne da igiyar awonsa. Wanda bai taɓa ganin mashru'in Jazira ba zai yi wuya ya gane yadda aka tsaga ƙasar nan: fadan sama da miliyan biyu in an haɗa da Manaƙil, ruwa na tasowa daga Sinnar ba famfo ba inji, daga babbar tur'a zuwa ƙarama, daga ƙarama zuwa Abu Ishirin, wanda ke shayar da nimra guda mai fadan 90, daga shi zuwa Abu Sitta da ke shiga hawasha, wato gonar manomi. Komai a miƙe, komai da lamba. Zamanin kamfanin Turawa, da bayan 1950 da hukumar Barakat ta karɓa, akwai mufattish a kan mota, akwai gafir a bakin ƙofar ruwa, akwai samad a cikin manoma. Ka fasa gaɓar tur'a ko ka tare Abu Ishirin ba ranarka ba, kafin la'asar an san sunanka. Tsofaffi na ba da labarin tsananin da ƙorafi, amma ka lura da kyau, ƙorafin da kewa a ciki.

Tun da dokar 2005 ta sakar wa manomi ya shuka abin da ya ga dama, aka kuma miƙa ƙananan magudanai ga ƙungiyoyin manoma, sai halinmu na lungu ya biyo mu gona. Na bakin ruwa ya shuka albasa, tana son sha yau. Na wutsiya ya shuka gyaɗa, ruwan bai iso shi ba don laka da ciyawa sun cike magudanar. Na wutsiya ya zo da dare ya buɗe, na baki ya zo da asuba ya toshe da buhun ƙasa. Hanyar da ke bin gefen Abu Ishirin, wadda kowa ke bi ya kai taki ya kwaso amfani, mai hawashar farko ya ga ai ƙasa ce mai kyau tana zaune banza, ya ƙara kunya biyu a kanta. Mai tarakta ya zo cikin laka ya bi ta kan gaɓar tur'a ya farfashe ta, ruwa ya malale hanya, mai karo ya ratsa ta cikin dawar wani. Kafin a gano wanda ya fara, an yi rantsuwa bakwai da saki ɗaya.

A kudu, wajen Sinja da Rusairis, inda mutanenmu ke su da noman jarf, wato noman gaɓar kogi, Bahar ne da kansa ke goge iyaka. Ruwa ya hau ya rufe gaɓa, ya janye ya bar sabuwar laka, sumul, ba alamar inda gonar wane ta tsaya bara. Sai a fito da igiya a sake ja daga tudu zuwa bakin ruwa. A kowace shekara kuma sai an yi cacar baki a kan mushra, wato mashigin da masunta ke tura jirgi, mata ke ɗibar ruwa, shanu ke sauka sha. Mai jarfin da ke gefen mushra yakan wayi gari ya ga cewa kabewarsa na buƙatar yaɗo, kuma ta wajen mashigin take son yaɗuwa. Tun da Habasha ta fara tare ruwa a babbar madatsarta a 2020, hawa da saukar Bahar ba su zama yadda muka saba ba, sai jarfin ya ƙara tsada a ido, igiyar ma ta ƙara gajarta. Ga makiyaya, Rufa'a da Kinana da Ambararo, waɗanda manyan gonakin tarakta na Dali da Mazmum suka matse wa burtali tun tuni, kudu kuma ta zama wata ƙasa a 2011. Saniya ba ta san an raba ƙasa ba, ƙishi ta sani. In ta tarar da kabewa a kan hanyar ruwa, ta ci kabewa.

A nan raha takan ɗan tsaya mana a maƙogwaro, don akwai wata rigimar hanya da ba ta taƙi ɗaya ba ce. Ɗan'uwanmu da ke zaune a kambo, rugar leburori da ke rakuɓe a gefen tur'a a cikin mashru'i, kakansa ne ya tsinki audugar da ta riƙe Sudan, amma ƙasar da bukkarsa ke kai ba tasa ba ce, hanyar da zai bi ya kai mara lafiya asibiti ta cikin hawashar wani ta ratsa, wani lokaci har maƙabarta sai ya roƙa. Shi ba ya faɗa a kan dirka, don ana iya ce masa ya tuge gidan gaba ɗaya. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi a nuna cewa kakanni na nan tun kafin 1898, mutanen Mai Wurno kuwa a 1906 suka iso. Shekaru kaɗan ɗin nan sun wahalar da gidaje da yawa wajen neman jinsiya, takardar zama ɗan ƙasa. Dokar 1970 ta ce duk filin da ba a yi wa rajista ba na gwamnati ne, al'ada kuma ta ce na ƙabilar da aka tarar ne, mu muka zauna a tsakanin maganganun biyu. A Yulin 2022, bayan takaddama a kan neman sarautar Hausawa a Nil Azraƙ da tambayar wa ke da ƙasa, jini ya zuba a Ƙaisan da Rusairis da Ganis, aka rasa rayuka fiye da 100. A Oktoba ya sake ɓarkewa a Wad al-Mahi, a garuruwan nan masu lamba da aka gina wa waɗanda ƙarin tsawon madatsar Rusairis ya tasa, aka rasa fiye da 200, daga kowane ɓangare, mutanen da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya. Sannan babban yaƙi ya zo a 2023 ya bi ta kan kowa, Madani ta faɗi, Sinja ta faɗi, aka ga kisan da aka yi wa mutanen Kambo Ɗayba a Janairun 2025. Ba a yin wasa da waɗannan, kuma ba na cewa su ne dalilin da Kawu ke matsar da dirka. Kawu zai matsar da ita ko da a Sakkwato yake da takardar Sarkin Musulmi a aljihu. Amma na lura mutumin da aka saba tambayarsa daga ina ya zo, yakan riƙe ɗan abin da ke hannunsa da ƙarfin da ya wuce kima. Na kuma lura tun daga shekarun nan dattawanmu ba sa barin rigimar iyaka ta kwana, musamman in da maƙwabcin da ba Bahaushe ba ne. Da a ce wa yara ku rabu da su, yanzu tun kafin murya ta tashi an aika a kira ajawid, dattawan sulhu.

Judiya kuwa, wato zaman sulhun da suke yi, in ba ka taɓa zama a cikinta ba, ka yi asarar kallo. A shimfiɗa tabarma a zauren shehu ko gindin bishiyar masallaci bayan la'asar. A kawo jabana da citta, a zuba zagaye na farko ba a ce komai ba. Liman ya buɗe da addu'a ya tuna wa kowa haƙƙin maƙwabci. Mai ƙara ya fara, ba daga dirka ba, daga ranar da kakansa ya ba kakan wancan aron jaki a hanyar Fashir. Wanda ake ƙara ya amsa da cewa jakin gurgu ne, kuma kakarsa ce ta yi wa uwar mai ƙara wankan jego. A yi awa guda a kan jaki. Ajawid ba sa katse kowa, don sun san ba dirka ce ta kawo mutanen nan ba, wata magana ce da aka faɗa a gidan biki shekara uku da suka wuce, kuma sai an bari ta fito. In ta fito, sai wani tsoho ya yi gyaran murya.

"Alhaji, kai ne babba. Ka ba mu taƙi biyu, ba don shi ba, don mu."

"Wallahi Baba, don ku ne. In don shi ne, ko yatsa."

"Mun gode. Kai kuma Malam, indararonka ka juya shi cikin gidanka, ka tashi ka gaida yayanka."

"Malesh, Yaya."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya."

A shafa fatiha. Ba a ce wane ya yi ƙarya ba, ba a ce wane ya ci hanya ba. An roƙi alfarma, an bayar. Wasu samarinmu da suka yi jami'a suna ganin wannan rufa-rufa ce, gara a faɗi mai gaskiya a rubuta a sa hannu. Suna da hujja, don sulhun da ba a rubuta ba yakan mutu tare da tsohon da ya yi shi, kuma sau da yawa mai ƙaramin ƙarfi, bazawara ko maraya, shi ake roƙo ya haƙura don shi ne ba zai iya ƙi ba. Wannan aibi ne na gaske, ina kuma ganin ya kamata a riƙa rubuta hanyar na ƙurya a takardar rabon gado tun ranar rabo, liman da shehu su sa hannu, kafin a fara kiran juna ɗan'uwa na baki. Amma hukuncin kotu ba ya buɗe naffaj. Wanda ya kai maƙwabcinsa gaban alƙali a Sinnar ya ci nasara, ya sami hanyarsa, sai dai zai riƙa binta shi kaɗai ba mai ce masa sannu.

Shi ya sa barazanar da ta fi yawa a bakinmu ita ce wadda ba a taɓa cikawa. "Wallahi gobe zan sauka mahaliya in kawo massah ya auna!" "Kawo shi! In ba ka kawo shi ba kai ba ɗan halas ba ne!" Gobe ta yi, ba wanda ya je ko tasha. Kowa ya san in ma'aunin gwamnati ya sauka da tef ɗinsa ba a kan dirka ɗaya zai tsaya ba. Zai fara daga bakin titi, ya bi ta kan dakalin mai ƙara, ya shiga shagon ƙanen shehu, ya ratsa masan wanda ake ƙara, ya fito ta wurin alwalar masallaci, wanda shi ma kwamiti ya ɗan faɗaɗa shekarun baya da kuɗin jama'a. Akwai wani yaro da ya dawo daga Khartum da zafin kai, ya ɗauki maganar da gaske, har ya tambayi nawa ne kuɗin kawo massah. Da daddare mai ƙara da wanda ake ƙara suka je tare, fitila ɗaya, suka sami ubansa suka ce ya ja wa ɗansa kunne.